Tsatsa a Lambun Uwardaidai

A bayan tsaunukan da maƙeran dauri suke haƙar tama akwai wani lambu da ya fi gidansa tsawon rai. Wani basarake ne ya gina gidan can nesa da gari don ya riƙa zuwa hutawa. Ya kewaye lambun da katangar dutse, ya sa masa ƙofar ƙarfe. Da tsufa ya zo masa sai tsoro ya kama shi kada lambun ya lalace a bayansa, ya kira wata aljana ya damƙa mata shi, ya ce ta riƙe shi yadda yake har abada. Basaraken ya mutu, gidan ya zube ya zama kufai, lambun kuwa ya ɓace daga idon mutane. Sunan aljanar Uwardaidai.

A wani ƙauye da ke gindin tsaunukan akwai wasu maƙera, wa da ƙane, su kaɗai suka rage a gidansu. Wan, Arzika, shi ke riƙe da masaba. Mutum ne mai ƙarancin magana, kuma yana da wata ɗabi'a da ya gada wurin ubansu: duk abin da ya ƙera, ko allura ce, sai ya ƙwanƙwasa shi da bakin masaba ya saurari ƙararsa kafin ya sake shi. Ƙanen, Barmo, shi ke zuga wuta, amma bakinsa ya fi zuga-zugin aiki.

Yakan ce, "Yaya, lauje ne fa, ba amarya ba. Sake shi ya tafi gona."

Arzika yakan ce, "Zuga, malalaci."

Wata rana Barmo ya tafi neman tama bai dawo ba. Arzika ya bi sawunsa har cikin tsaunuka, ya tarar da kwandonsa a yashe. A gaban kwandon ga wata ƙofar ƙarfe tsaye ita kaɗai cikin daji, babu katanga a damanta, babu a hagunta. An murɗa ƙarfenta ya yi rassa da ganye kamar yaɗon kabewa, samanta kuma kawunan mashi ne a jere. Ya zagaya bayanta, bai ga komai ba sai ciyawa. Sawun Barmo ya zo bakinta ya tsaya.

Arzika ya koma gida ya ɗaure kayan aikinsa, ya ɗauki man kaɗe da gishirin guzuri, ya ɗebi garwashi a kasko daga maƙerarsu, ya dawo ya ɗora hannu a kan ƙofar.

Ƙofar ta yi wata ƙara mai tsinka zuciya, ta ce, "Wane ne ke taɓa ni bai yi sallama ba?"

Ya ce, "Gafara dai. Arzika ne, ɗan maƙera. Ƙanena nake nema."

Ta ce, "Mai surutun nan? Ya shige. Ni ba na buɗewa sai an jiƙa mini gaɓoɓi, sun bushe. Masu wucewa da jini suke jiƙa su. Shi da fatar kafaɗarsa ya biya. Kai da me za ka biya?"

Arzika ya duba inda ƙyauren ke juyawa, ya ga jinin mutane ya daskare a wurin ya haɗu da tsatsa. Ya ce, "Jini ne ke ƙara miki ciwon. Yi haƙuri kaɗan." Ya kankare wurin da magagari, ya narka man kaɗe ya ɗura. Ƙofar ta yi ajiyar zuciya ta buɗe ba tare da ƙara ba.

Ta ce, "Ka yi mini alheri, ga tukwicinka. In ka shiga, bi tsakiyar hanya. Mai lambun ba ta son abin da ya karkata."

Yana shiga sai daji ya ɓace. Ya ga wata matakalar dutse mai faɗi a gabansa, gefenta an jera gajerun ginshiƙai masu ciki kamar tulu, an ɗora musu dogon falalen dutse a kai. Da ya fara hawa sai sanyi ya shiga tafin ƙafarsa, ya hau ƙwauri, ya kama gwiwa. A tsakiyar hawan akwai kujerun dutse, ɗaya a dama ɗaya a hagu, suna kiransa da murya mai taushi.

"Sannu da hanya, baƙo. Zauna ka huta."

Ya duba da kyau, ya ga a kan kowace kujera akwai shacin mutum a zaune, ya nutse cikin dutsen sai gwiwoyi da hanci suka rage a waje. Ya ƙi zama. Ya sauke kaskon garwashinsa ya riƙa gasa gwiwoyinsa yana jan ƙafa, gashin ƙafarsa na ƙonewa, har ya kai sama.

A sama ya iske wani fili, a tsakiyarsa wani dutse kewayayye kamar faifai, an kafa masa wuƙar ƙarfe a tsaye, inuwarta na nuna lokaci. A gindin dutsen inuwoyin mutane ne jibge kamar tsummokara, wasu na motsi.

Wuƙar ta ce, "Ya kai ɗan Adam, ba a wuce ni da inuwa. Matso in yanke maka ita. Ba za ka ji zafi ba sai ka je gida, ka ga karnukanku ba su san ka ba."

Arzika ya ce, "Na ji, ranki ya daɗe. Bari in ɗan numfasa." Ya tsaya daga nesa a tsakiyar hanya har rana ta take tsaka, inuwarsa ta shige ƙarƙashin ƙafarsa. Nan ya rungume kayansa ya wuce da gudu. Wuƙar ta kai sara, ba ta samu komai ba sai inuwar bakin hularsa.

Daga nan lambun ya buɗe. Hanya ce miƙaƙƙiya shimfiɗe da farar tsakuwa, duk abin da ke damanta akwai ɗan'uwansa a hagu: itace da itace, an aske su tsawo ɗaya, tulun dutse da tulun dutse, shingen ƙarfe da shingen ƙarfe. A can gaba akwai tafki mai kusurwa huɗu, kawunan kada na dutse suna feso ruwa a cikinsa. A gefen hanyar kuma gumakan mutane ne a tsaye a kan dakalai, maza da mata, kowane yana fuskantar na ɗaya gefen. Gansakuka ta rufe fuskokinsu. Wasu sun tsattsage, jan ruwan tsatsa yana gangarowa daga dugadugansu.

Sai ya ji an ce, "Yaya! Sai yanzu? Wallahi da kunkuru na aika da ya riga ka."

Barmo ne a kan wani dakali kusa da tafkin. Daga ƙafa zuwa ƙugu ya zama dutse, hannuwansa ma sun manne a cinyoyinsa. A bayan dunduniyarsa an kafa wata doguwar ƙusa, ta ratsa ƙafar ta shige cikin dakalin. Arzika ya zaro awartaki ya yi kan ƙusar. Kafin ya taɓa ta, wasu zakuna biyu na dutse da ke kwance a bakin tafkin suka miƙe, ɗaya ya danne shi da ƙafa, ɗayan ya sa kan Barmo a cikin bakinsa ya tsaya.

Wata murya ta ce, "Ku dakata."

A ƙarshen hanyar akwai wata rumfar ƙarfe mai kan tulluwa. Daga cikinta Uwardaidai ta fito, tana tattare zanenta kada ya shafi ƙarfen. Doguwa ce, tsagar kanta ta raba fuskarta biyu daidai wa daida. In ta ɗaga hannun dama sai na hagu ya ɗagu, in ta ƙifta ido sai duka biyun.

Ta ce, "Ya kai ɗan maƙera, ka shigo lambuna ba gayya, ka kuma zo da wuta. Faɗi bukatarka."

Arzika ya durƙusa ya ce, "Ranki ya daɗe, wannan ƙanena ne. Ba ni da kowa sai shi."

Ta ce, "Dakalin nan ya zama wofi, ɗan'uwansa na can gefe yana da mutum. Ban iya barci ba saboda shi. Sai wannan ya shigo, tsawonsa ya yi daidai. Dutse zai ci gaba da hawa jikinsa har ya rufe tsakar kansa. Amma ina da matsala wadda ta fi shi. Ƙarfen lambuna yana ruɓewa, mu aljanu kuwa ba ma taɓa ƙarfe. Ka sabunta mini shi duka: shinge, da rumfa, da ƙugiyoyin da ke riƙe dutse da dutse, da ƙusoshin gumakana. In ka gama akwai sauran nama a jikinsa, ko tafin hannu ne a tsakar ka, zan yarda ka zare ƙusarsa ya koma mutum, ku tafi. Zan sami wani mai tsawonsa. In kuwa dutse ya riga ka, to ka sani, duk gunkin da aka zare wa ƙusa ba a mayar da wata nan take ba, zubewa yake ya zama yashi."

Arzika ya ce, "Na yarda."

Barmo ya ce, "Yaya, ka tambaye ta ko da abinci a cikin yarjejeniyar."

Arzika ya kafa maƙerarsa a gindin dakalin Barmo. Zakunan suka riƙa kawo masa tama da darma da gawayi a bakinsu. Aikin mutum biyu ya koma kan mutum ɗaya: ya zuga, ya tashi ya daka, ƙarfe ya huce, ya koma ya zuga. Barmo daga sama yana rera masa waƙar zuga yana yi masa tsiya.

"Ashe zugar ma aiki ce, Yaya? Da cewa kake barci nake yi."

Ya fara da shinge. Ya canja sandunan da suka cinye, ya miƙar da kawunan mashin. Ya hau rumfa ya sake mata haƙarƙari. Ya bi matakala da bakin tafki yana tono tsofaffin ƙugiyoyi, waɗanda tsatsa ta kumbura su har suka fasa dutsen da aka sa su riƙe, yana sa sababbi, yana ɗura narkakkiyar darma a kansu don kada ruwa ya same su. Duk wadda ya gama sai ya ƙwanƙwasa ta, ta amsa da ƙara siririya mai daɗewa a kunne. Duk inda Uwardaidai take, in ta ji ƙarar sai ta lumshe ido don daɗi.

Kafin ya zo kan gumaka, dutse ya kai ƙirjin Barmo.

Ya fara da wata mace da ke farkon hanya, tulu a kanta. Tsagewa ta taso daga dunduniyarta ta bi bayanta har kunci. Da ya durƙusa zai kama ƙusar, wadda ta cinye saura kamar tsinke, sai ya ga wani abu na motsi a cikin tsagar. Fata ce, baƙa, mai rai.

Wata murya ta fito a shaƙe ta ce, "Ɗan nan, don girman Allah kada ka taɓa."

Arzika ya ja da baya ya ce, "Iya, mutum ce ke?"

Ta ce, "Duk mutane ne mu. Sunana Kuluwa, ruwa na zo nema na ga ƙofa. Tsatsar nan da kake kankarewa ita ce ceton mu. In ta ci ƙusa sai ta kumbura, ta riƙa fasa dutsen daga ciki a hankali, jiki ya riƙa farkawa. Wanda ƙanenka ya gaji dakalinsa haka ya fita, da ƙafarsa ya taka ya tafi, muna ji. Ni damina ɗaya ta rage mini. Na bar jariri a gida, a Tudun Gamji, ban yaye shi ba. Ka san garin?"

Arzika ya san Tudun Gamji. Kufai ne tun kafin a haifi kakansa, har kukokin da suka tsiro a kan ganuwarsa sun tsufa. Ya ce, "Na san shi, Iya."

Ta ce, "To ka gani. In ka sa mini sabuwar ƙusa, tsagar nan za ta rufe."

Ya koma wurin Barmo, ya gaya masa duka cikin raɗa. Barmo ya ce, "Me za ka yi?"

Arzika ya ce, "Zan sa musu ƙusoshi. Ban san su ba. Kai na sani."

Barmo ya ce, "Sannan in koma gida in riƙa cin tuwo da muryar tsohuwar nan a kunnena? A'a. Saurara, Yaya. Kai ba ka iya ƙarya ba, ni kuwa a nan na fi ƙwarewa. Matar nan ba ta taɓa ƙarfe, da ido da kunne kawai take sanin aiki. Ka ƙera musu ƙusar banza. Kada ka dake dattin, bar shi a ciki. Ka zuba gishiri a ramin, ka cika da laka, ka shafa 'yar darma a sama don ido. Tsagar za ta rufe yau, amma kafin daminu kaɗan ta sake buɗewa."

"In ba ta ji ƙara ba fa?"

"Sai ka ƙwanƙwasa awartakinka a maimakon ƙusar. Shi ma ai ƙarfe ne."

Arzika ya ce, "Tunda na fara riƙe masaba ban taɓa sakin mugun aiki ba."

Barmo ya ce, "To yau ka girma."

Haka aka yi. Arzika ya gaya wa Kuluwa ta ƙara haƙuri, zai bar ta ƙarshe. Ya shiga ƙera mugayen ƙusoshi, abin ya fi ƙera na ƙwarai yi masa wuya, don hannunsa kullum so yake ya ƙara duka. Ya bi gumakan ɗaya bayan ɗaya, dama da hagu. Ya zare tsohuwa, ya sa sabuwa, ya zuba gishiri da laka, ya shafa darma, sannan ya juya baya ya ƙwanƙwasa awartakin da ke ƙugunsa. Uwardaidai ta ji ƙara daga nesa ta lumshe ido. Wasu gumakan sukan yi nishi lokacin da tsagarsu ke rufewa, shi kuwa yakan sa baki a kunnensu ya ce, "Ba da daɗewa ba."

Da ya dawo kan Kuluwa, dutse bai wuce kafaɗar Barmo ba. Akwai sauran lokaci mai yawa. Arzika ya ji wani sanyi a ransa wanda rabonsa da shi tun ranar da ƙanensa ya ɓata. Ya durƙusa yana aiki suna hira. Ta ba shi labarin jaririn, yadda yake kama kunnenta in yana shan nono. Ta ce in ta fito za ta kawo musu fura har maƙera, ta ce shi wannan mai surutun ya kamata a yi masa aure ko ya sami mai ja da shi. Arzika ya yi dariya. Ya shafa darmar, ya gyara bakinta da babban yatsa, yana dariyar, hannunsa ya ɗaga masaba ya ƙwanƙwasa ƙusar.

Ƙusar ta ce ƙwas, kamar an bugi fasasshen kasko.

Ruwan da ke fitowa daga bakin kadojin ya tsaya. Ganye ya daina motsi. Kuluwa ta ce a hankali, tsagar kuncinta na matsewa, "Ɗan nan, wa ya aike ka?"

Uwardaidai ta taho a tsakiyar hanya, ba ta sauri. Ta tsaya a kansa ta ce, "Sake bugawa."

Ya sake. Ta sa shi ya bi gumakan duka yana bugun ƙusoshinsu a gabanta, kowace ta amsa da muryar ƙarya. Ba ta ɗaga murya ba.

Ta ce, "Ya kai ɗan maƙera, yarjejeniyarmu tana nan, ban ƙara ba, ban rage ba. Ka sabunta ƙarfen lambuna, ku tafi. Sai dai yanzu a gabana za ka yi, kowace ƙusa in ji muryarta da kunnena. Kuma da ta ƙanenka za ka fara. Tsohuwa ce, ta wanda ya gudu ce zakunana suka mayar. Ita ma ƙarfen lambuna ce."

Arzika ya duba ƙusar Barmo da kyau, abin da bai yi ba tun ranar farko saboda zakunan. Tsatsa ta ci fiye da rabinta. Ko da dutse ya rufe shi, da ba zai daɗe a ciki ba.

Ya faɗi ya kama ƙasa ya ce, "Ranki ya daɗe, ki bar wannan. Ki sa ni a madadinsa."

Ta ce, "Ka fi shi gajarta."

Barmo ya ce, "Yi mata, Yaya. Ai za ka gama, ka zare abinka. Amma ka yi mai kyau, kada a ce ƙanen Arzika da ƙusar banza aka kafe shi."

Ya ƙera ta tana tsaye a kansa. Ya dake ta har babu sauran datti, ya naɗe ya sake daka, ya kafa ta, ya ɗura darma har ta cika ramin ta tumbatsa. Barmo ya cije leɓe bai yi kuka ba. Da aka ƙwanƙwasa ta, ƙararta ta zagaya lambun ta dawo. Uwardaidai ta ce ba ta taɓa jin mai daɗinta ba.

Sai Kuluwa. Ba ta ƙara magana ba, don bakinta ya riga ya rufe, amma da ya zare muguwar ƙusar tsagar ta ɗan buɗe, ya ga ido ɗaya yana kallonsa. Ya sa mata ƙusar ƙwarai. Idon ya rufe.

Daga nan Arzika bai ƙara zama ba. Ya zuga, ya daka, ya kafa, ya ɗura, ya buga. Tafin hannunsa ya fashe, ya ɗaure da tsumma, tsumman ya ƙone. Gumakan da ya ce wa ba da daɗewa ba, yanzu ba ya kallon fuskarsu. Wani dattijo daga cikinsu ya samu ya ce, "Kai ne na ɗazu?" Arzika ya ɗura darma ya wuce na gaba.

Dutse ya kama wuyan Barmo, muryarsa ta zama siririya. Duk da haka bai bar tsiya ba. Ya ce in sun koma gida shi zai riƙe masaba, tunda Yaya ya ƙware a zuga. Ya ce zakin hagu ya fi na dama wari. Da dutse ya kai haɓarsa sai waƙar zuga ta gagare shi, ya koma yin ta da hanci.

Saura gumaka kaɗan a can ƙarshen hanya, Arzika na tsaye a bakin wuta da jan ƙarfe a awartaki, Barmo ya kira shi.

"Yaya."

"Na'am."

"Zo ka sosa mini hanci. Ƙaiƙayi yake."

Ƙarfen ya isa a dake shi. In ya ajiye shi sai ya sake zuga daga farko. Ya ce, "Bari in gama wannan."

Barmo ya ce, "Kullum haka kake cewa."

Da Arzika ya gama ƙusar ya ɗaga kai, dutse ya rufe bakin. Idanun kaɗai suka rage, suna bin sa duk inda ya yi. Ya ruga ya kafa, ya dawo ya zuga. Ya daina duban sama, don duk dubawa tana cin lokaci. Ya kafa ta ƙarshe, ya ɗura darma, ya buga, ta yi ƙara, ya jefar da masabar ya sheƙo da gudu. Ya haye dakalin ya shafa fuska, dutse. Ya shafa goshi, dutse. Ya sa hannu a tsakar kai, ya ji ɗumi kamar na gurbin da kaza ta tashi. Yana lalubawa ɗumin ya tafi.

Uwardaidai ta zo ta duba dama, ta duba hagu. Ruwa ya ci gaba da zuba daga bakin kadoji. Ta ce, "Tun mutuwar mai gidan nan lambuna bai yi kyau haka ba. Dutse ya riga ka, ɗan maƙera, amma ba ni da ƙorafi a kan aikinka. Ƙofa a buɗe take. Tafi."

Ya ce, "Ki bar ni in zauna."

Ta ce, "Ka zauna ka yi me? In ka kusanci ƙarfena da wuta ko da makami, zakunana za su niƙa ƙanenka a gabanka."

Ya ce, "Ruwa kawai zan riƙa zubawa."

Ta yi murmushi, gefen bakinta biyu suka ɗagu tare. Ta ce, "Ruwa ba ya ɓata mini tsari. Zuba. Ku mutane ba ku daɗewa."

Zakunan suka kwashe kayan aikinsa suka zubar a tafki, suka bar masa kaskon garwashi, wutarsa ta mutu. Da wannan kaskon yake ɗebo ruwa. Kowace safiya yakan jiƙa sauran gishirinsa ya zuba a dunduniyar Barmo. Da gishirin ya ƙare ya koma ruwan toka, da toka ta ƙare ya koma ruwa zalla. In ya gama da Barmo yakan bi sauran, ya fara da Kuluwa. Ya san darma ba ta barin ruwa ya shiga, shi ya ɗura ta, kuma bai bar ko kafar allura ba. Duk da haka yakan zuba. Yakan hau dakalin ya sosa hancin dutsen, ya ba shi labarin abin da bai taka kara ya karya ba, ya ɗan saurara inda Barmo zai sa baki.

Daminu suka zo suka wuce. Gansakuka ta hau kafaɗun Barmo, Arzika ya riƙa cire ta da farce har farcen ya ƙare. Gemunsa ya yi fari, bayansa ya tanƙware, hawa dakalin ya gagare shi. Daga baya ɗaukar kaskon ma ya gagara, sai ya riƙa kawo ruwan a bakinsa yana rarrafe.

Ranar da ƙarfinsa ya ƙare, ya ja jiki ya kwantar da kuncinsa a kan dakalin, dab da dunduniyar, ya duba da ɗan ganin da ya rage masa. Ya nemi ɗigon ja ko ɗaya a kan ƙusar, ko a bakin darmar. Babu. Tana sheƙi kamar ranar da ta fito daga wuta.

Ya shafa ta da yatsa ya ce, "Barmo, ka yi haƙuri. Aikin ya yi kyau."

Da hantsi zakunan suka ɗauke gawarsa daga gefen hanya, don ya kwanta a dama babu kowa a hagu. A nan labarin Arzika ya tsaya. Lambun kuwa yana nan, komai nasa daidai.